Tiyon da Ban Canza Ba

Zango, Wagadugu
14 ga Mayu, 2023

Zuwa ga ƙanena Rabe,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan wannan takarda ta same ka lafiya, kai da iyali. Yaya jikin Inna? Yaya zafin Dogondutsi? Mu nan lafiya lau, matata Habi da 'yarka Murja suna gaishe ku.

Na ga hoton motar da ka saya. Allah ya sanya alheri, ya tsare hanya. Ka yi ta kirana ban ɗauka ba, kada ka yi fushi, kwanan nan magana a waya ba ta yi mini daɗi. Abdulaye direban babbar mota zai taso jibi in ayarinsu ya samu hanya, shi ya sa na zauna in rubuta maka ɗan abin da na koya a shekara ashirin da shida ina jan taksi.

Fentin nan da yake ta ƙyalli a hoto kada ya ruɗe ka. Motar da Turawa suka gama cin moriyarta, ta hau jirgin ruwa, ta kwana a hannun dillalai uku, ba a sanin halinta ta fuska. Lambar da ke nuna tafiyar da ta yi ma ana mayar da ita baya. Abin da ba ya yi maka ƙarya shi ne ƙasar da ta kwana a kai. Kullum da safe, kafin ka tayar da ita, ka durƙusa ka leƙa. Baƙin ɗigo na inji ne. Ja-ja na giya ne ko na sitiyari. Ruwa kuma na lagireto ne. Ka san wanne ne kafin ka ɗauki mutum.

Ka juye baƙin mai tun yau, ko da wanda ya sayar maka ya rantse maka jiya ya juye. Ka canza matacin tare da shi. Kada ka buɗe lagireto inji na da zafi. Akwai wani a tasharmu da har yau fatar hannunsa fara ce. Taya kuma ba zanenta kaɗai ake dubawa ba, ka dubi gefenta, in ta fara tsattsagewa rana ta cinye ta, hanyar Doso ba za ta raga mata ba. Ka riƙa kashe rediyo wani lokaci kana sauraron motar. In ta sauya murya, akwai dalili. Sannan ka nemi makanike ɗaya mai tsoron Allah ka riƙe shi, kamar yadda na riƙe Rasmane na unguwar Dapoya shekara goma sha biyar.

Sai birki. Rabe, in ka manta da duk abin da na faɗa a sama, kada ka manta da wannan. Bayan kowace taya akwai ɗan tiyon roba da man birki ke bi. Tsawonsa bai kai kamu biyu ba. Ka sa a cire tayar ka gan shi da idonka, ka lanƙwasa shi da yatsa. In ka ga tsaga, ko ka ji danshi, motar ta kwana a garaji, ko da ranar kasuwa ce. Man birki ba ya raguwa haka kawai. In ka ga kana ƙarawa, to zuba yake yi, kuma ƙarin ba gyara ba ne. Ka karanta wannan wurin sau biyu.

Tawa motar tana ajiye a ƙofar gida wata guda ke nan. Ina ɗan hutawa ne. Ka gaida Inna, ka ce ta sa ni a addu'a.

Naka yayanka,
Illiya

Zango, Wagadugu
11 ga Yuni, 2023

Ƙanena Rabe,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina tambayar lafiyarku, da ta Inna, da yara. An fara samun ruwa a wajenku? Mu nan an yi biyu, garin ya ɗan yi sanyi.

Saƙonka ya iso. Na ji daɗi da ka ce makanikenka ya sami tiyo ɗaya da ya fara lalacewa kun canza. Ka kuma ce ka san ni, ko ranar da aka haifi Murja sai da na fita aiki da rana, don haka ba ka yarda da maganar hutu ba. Gaskiyarka. Zan faɗa maka, amma ya tsaya tsakaninmu. Habi ma rabin labarin ta sani.

Ranar ashirin da huɗu ga azumi, da hantsi, na sauke fasinja a Pissy, unguwar da ake fasa dutse. Ka tuna wurin, na taɓa bi da kai: ƙaton rami, mata na fitowa daga ciki da kwanon dutse a ka, suna tara tsakuwa a bakin hanya. Ina dawowa ba kowa a motar. Wani amalanken jaki ya tsaya a gabana, na taka birki, sai ƙafata ta tafi har ƙasa. Na sake takawa, babu komai. Hagu babura ne cike da mutane, sai na karya dama. A daman akwai wata mata da kwano a ka. Na ja birkin hannu, amma na riga na kai gare ta. Motar ta matse ƙafarta da tarin dutse.

Sunanta Rokia. Bamosa ce, 'yar ƙabilar Mosi ta nan ƙasar, za ta yi shekara arba'in, 'ya'yanta huɗu. Ba ta yi ihu ba. Tana kwance tana ta tambaya ina kwanonta. A babban asibiti suka yanke ƙafar daga ƙasan gwiwa.

Polis suka ɗauki motar, suka duba takarduna, asirans, wato inshora, da takardar duba lafiyar mota duk suna da rai. Suka rubuta cewa tiyon birki ne ya fashe. Mijinta Lassane, mai gadi ne a wani kanti, ya zo ya same ni a zaune a ƙofar ɗakin da aka kwantar da ita. Na miƙe ina jiran ya mare ni. Sai ya kama hannuna ya ce da Mosanci, "Ƙarfe ne, ƙarfe yana karyewa. Ba kai ka aiko shi ba." Ya ce ba ya son shari'a. A masallacin Zango ma kowa abin da yake faɗa mini ke nan: ƙaddara ce, Malam Illiya, ka yi haƙuri.

Ga rabin da ba wanda ya sani. Kwana goma sha tara kafin ranar, na kai motar wurin Rasmane juyen mai. Yana ƙarƙashinta sai ya kira ni, ya kama yatsana ya ɗora a kan tiyon tayar gaba ta dama. Na ji danshin. Na ga tsagar. Ya ce, "Bar mini ita yau, gobe da rana ka ɗauka." Na ce azumi ne, gari cike da fasinja, a bari sai bayan Sallah. Ya ce, "Illiya, wannan ba ya jiran Sallah." Na yi dariya, na sayi gwangwanin man birki na jefa a but ɗin motar. Kullum da safe ina ƙarawa, ina ganin ɗigon a ƙasa, ina share shi da takalmi.

Da polis suka sako motar, Rasmane ya zo da kansa ya ja ta. Bai kai awa ɗaya ba ya canza tiyon. Bai faɗa wa kowa komai ba, ni ma bai ce mini komai ba. Ya miƙo mini makulli, ya koma ƙarƙashin wata motar. Da can sai mun sha shayi kafin in tafi.

Ina zuwa gidan Rokia duk Juma'a bayan masallaci, da ɗan gero ko sabulu. Tana zaune a tabarma a gindin katanga, an naɗe dungun da zane. Tana tambayata Habi, tana tambayata Murja. Makon jiya ta ce mini, "Na yafe maka tun a asibiti, ka daina sunkuyar da kai." Rabe, tun da na fito daga gidan nan ban samu sukuni ba. Abinci ba ya shiga. Habi na cewa in je a duba ni. Yanzu ina taya Alhaji Aliyu Sani, Bakanon nan mai atamfa, zama a shago, don kada gidan ya rasa cefane. In na ji an taka birki a titi sai in saki abin da ke hannuna.

Kada Inna ta ji. Ka ci gaba da leƙa ƙarƙashin motarka.

Yayanka,
Illiya

Zango, Wagadugu
30 ga Yuli, 2023

Ƙanena Rabe,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina fatan kuna lafiya, damina kuma tana kyau. An yi Babbar Sallah lafiya? Kilishin da Inna ta aiko ya iso, a yi mata godiya. Ka tambaye ni abin da ke sa gilashin motarka yin hazo in ana ruwa. Ka ɗan sauke na gefe, ka ajiye busasshen tsumma kusa. Robar share gilashi kuma in ta fara barin layi ka canza ta. In ka ratsa ruwa mai zurfi, ka ɗan tattaka birki a hankali har ya bushe.

Na karanta shawararka sau da yawa. Ka ce in yi shiru, in roƙi Allah gafara, faɗar ba za ta mayar mata da ƙafa ba, sai dai ta ƙara mata ciwo. Na san don ƙaunata ka faɗa. Na yi ƙoƙari in bi, har Juma'a huɗu. Na kasa.

Na fara da Habi. Tana tankaɗe na faɗa mata. Ta ajiye rariyar, ta ce, "Ni da Murja ma mun shiga motar nan a kwanakin." Haka ne, na kai su kasuwa sayen kayan Sallah. Ban taɓa tunanin wannan ba sai da ta faɗa. Kwana biyu ba ta yi mini magana ba. A na uku ta ɗauko mayafinta ta ce in tashi ta raka ni Pissy.

Mun tarar da Lassane a gida. Rokia an samo mata sanduna, ta fara koyon tafiya, har ta nuna wa Habi yadda take kaiwa bakin randa. Ta ce matan ramin sun yi alkawarin za su riƙa hauro mata da dutse tana fasawa daga zaune. Tana murna take faɗa. Na kusa fasa faɗa musu. Habi ta dube ni.

Na faɗa musu duka, da Mosancina mai gargada: garajin, da yatsana a kan tiyo, da gwangwanin da ke but. Lassane ya tashi ya fita waje. Rokia ta ce, "Kwana nawa?" Na ce goma sha tara. Ta dubi dungun. Can ta ce, "Wanda na yafe wa bai sani ba. Kai ka sani." Na ce haka ne. Ta ce, "Ban ce ba zan yafe ba. Amma yanzu ba ni da yafiyar. Ka daina zuwa. In na samu, zan aiko."

Habi ta ajiye ƙullin geron a bakin ƙofa, Rokia ta ce mu ɗauke abinmu. Muka ɗauka. Lassane yana tsaye a waje ya juya mana baya. Na tsaya na ce masa in yana son komawa wurin polis, ina Zango, ba zan gudu ba. Bai waiwayo ba. Mako uku ke nan, ba polis, ba aike.

Ba zan ce maka na ji sauƙi ba. Da can ina ɗauke da abu ni kaɗai, yanzu na ɗora wa mutum uku. Wata rana ina ganin na yi daidai, wata rana ina ganin kai ne da gaskiya, na je na ƙwace wa matar nan ɗan kwanciyar hankalin da ya rage mata don ni in samu barci. Abinci dai ya fara shiga. Na je Dapoya na gaya wa Rasmane abin da na yi. Ya goge hannu da tsumma, ya ce, "To." Sai ya tura mini benci na zauna.

Alhaji Aliyu Sani ɗansa ya dawo daga Kano, ba ya bukatata a shago kuma. Makaranta za ta buɗe nan da wata biyu, Murja za ta shiga aji na gaba. Ba ni da wata sana'a, Rabe. Jiya na sa Rasmane ya cire tayoyin huɗu, muka bi motar daga gaba har baya. Na wanke ta. A gefen dama, ƙasan fitila, akwai inda ƙarfen ya lotsa. Ya ce zai buga shi ya shafa fenti, ba wanda zai gane. Na ce ya bari.

Gobe Litinin zan fito da motar. Na ba maƙwabciyar Rokia lambar wayata a takarda, na kuma ce wa Habi ko ina kan hanya aka aiko, ta kira ni. Wayar tana aljihun gaba, na ƙara mata ƙara.

Ka gaida Inna da kyau. Ka gaida matarka da yara. In ka yi sallah ka sa Rokia a addu'a kafin ni.

Wassalam, naka yayanka,
Illiya