Na Shirya Wa Mutuwa, Ita Kuwa Ba Ta Zo Ba

Uwar Fili, don Allah ki agaza min da shawara, abin ya fi ƙarfina.

Ni tela ce, shekarata arba'in da shida. Shekara ashirin da ɗaya ke nan da aka gwada ni aka ce ina ɗauke da ƙwayar cutar ƙanjamau, wata huɗu bayan rasuwar maigidana. A lokacin duk wanda na sani da ita ba ya daɗewa. Sai na shiga shiri. Na ba maƙwabciyata keken ɗinkina, na raba kayan ɗakina, na ɗauki 'yata mai shekara uku, wadda Allah ya tsare ba ta kamu ba, na kai wa yayata. Na ce kar a riƙa kawo min ita, don kar ta shaƙu da ni ta zo ta sha kuka. Yayata kaɗai ta san dalili.

To, ban mutu ba. Magani ya samu, na sha, har ƙiba na yi. Mu tara ne muka saba zama a benci ɗaya a asibiti, yau saura ni. Kowace shekara sai in ce ita ce ta ƙarshe. Har yau a shagon wata nake ɗinki, ko labule ban taɓa sa wa tagar ɗakina ba. Mutum biyu sun nemi aurena, na kore su. Likita ya duba takardata yana murmushi, wai zan ga jikoki, ni kuwa in fito ina jin haushinsa. Allah ya yafe min, wani lokaci ji nake kamar an yaudare ni.

Yarinyar ta san ni na haife ta, amma Anti take ce min. In mun haɗu ta gaishe ni a tsaye ta wuce. A wurinta ni ce matar da ta yar da ita ba dalili.

Ga inda ta ɓaci. Ta gama karatun haɗa magunguna, aka ɗauke ta aiki a asibitin da nake zuwa. Ranar da na je karɓar magani na hango ta da farar riga a bayan gilashi tana miƙa wa mutane nasu. Na juya da katina a hannu. Sati biyar ke nan kwalbata ba komai. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne ban ma damu sosai ba. In gaya mata ne, ko in bar abin ya tafi yadda na tsara tun farko?

Mai Ɗinki

Amsa:

'Yar'uwa, mu fara da abin da ba ya jira. Ki koma kan maganinki cikin satin nan. Ki sami likitanki ki faɗa masa kin yi sati biyar ba ki sha ba, ya duba ki, ya mayar da ke wani asibitin in kina so. Wannan bai shafi maganar 'yarki ba, kar ki haɗa su.

Ki kuma faɗa masa wannan rashin damuwar da kika ambata, da bakinki, yadda kika rubuto min. Ba butulci ba ne, ciwon damuwa ne, kuma akwai masu kula da shi. Wadda ta binne abokan zama takwas, ta rabu da 'yarta, dole zuciyarta ta gaji.

Sai yarinya. Abin da kika yi, don ƙauna kika yi shi, da iya sanin da ake da shi a lokacin. Amma ita ba ta ga ƙaunar ba, rashin uwa kawai ta gani. Sirrinki naki ne, ba mai tilasta miki. Sai dai a ganina gara ta ji daga bakinki da ta ci karo da sunanki a fayil. Ki shawarci yayarki, ku zauna ku uku a gida, ba a wurin aiki ba. Tana iya yin fushi, tana iya tashi ta fita. Ki bar ta, haƙƙinta ne. Ban yi miki alkawarin za ta kira ki Mama ba, kuma shekarun da suka wuce ba za su dawo ba.

Amma ba ki da ikon sa ta rasa ki sau biyu. Allah ya ƙara miki lafiya, ya sanyaya zukatanku ku duka.

Uwar Fili