Sunan Kaka Glenys a Bayan Mota

Asabar, 8 ga Yuli
Mun bar Port Augusta, ni da Kaka Merv, a motarsa mai gado da kicin. Mama ta ce hutu ne. Ba hutu ba ne. A bakin ƙofa ta ja ni gefe, wai in lura da tuƙinsa, in bai iya ba za a sayar da motar. Leƙen asiri aka turo ni.

Lahadi, 9 ga Yuli
Babu sabis tun Glendambo. Mama ce ta ce oba-oba, rediyon magana na cikin motar, tarkace ne, kowa na da waya yanzu. To ga wayar, ta zama madubi.

A bayan motar har yanzu akwai rubutun nan: MERV DA GLENYS, LAYI NA 40. Haka tsofaffin matafiya ke yi don direbobin tirela su kira su ta oba-oba kafin su wuce. Kaka Glenys ce mai amsawa, shekara ashirin. Bara ta rasu. Kaka Merv ya ƙi goge sunanta.

Litinin, 10 ga Yuli
Kaka ya ce in riƙe abin maganar oba-oba. Na ƙi. Ni da ko a aji ba na ɗaga hannu. Ya ce kakata har da kangaru, dabbar dajin nan, hira take yi, ni kuwa kurmar jika aka ba shi. Shi da ba ya ji sosai ke cewa wani kurma!

Laraba, 12 ga Yuli


Bayan Coober Pedy tirela mai bodi uku ta taso mana. Direban ya kira: Merv, Glenys, zan wuce, ku riƙe gudunku. Sau uku. Kaka bai ji ba. Na dube shi, yana fito abinsa. Da ya hango ta a madubi sai ya firgita ya taka birki, abin da shi da kansa ya koya mini ba a yi. Na ji ƙarar tayoyinta a cikin haƙorana.

"Glenys! Tsohon naki barci yake?" in ji direban.

Na danna abin maganar. Na ce ba Glenys ba ce, jikarta ce, bai ji ba ne, yanzu zai riƙe gudun tamanin, in hanya ta buɗe zan faɗa masa. Sannan ya ce, "To 'yar yarinya, ke ce idona." Na faɗa masa. Ya wuce, ya kifta mana fitila hagu da dama.

Kaka ya ce me mutumin ya ce? Na ce gaisuwa ce.

Juma'a, 14 ga Yuli
Sabis ya dawo a Marla. Mama ta tambaye ni yadda tuƙinsa yake. Na so in yi ƙarya. Ban iya ba, ban taɓa iyawa ba.

Lahadi, 6 ga Agusta
An sayar da motar. Mai sayen ya kankare sunayen da wuƙa a gabanmu, ya ce a cire rediyon, shi yana da waya. Mama ta ce ai ta faɗa.

Kaka bai yi mini faɗa ba. Da ma ya yi. Shi ya kwance rediyon da kansa, ya naɗe igiyarsa a hankali, ya ajiye a kan bola.

Talata, 8 ga Agusta
Na ɗauko rediyon, yana ƙarƙashin gadona. Ba ya aiki ba batir, na sani.

Yau malama ta yi tambaya, na amsa. Ba wani abu ba ne. Ba wanda ya san amsar ne kawai.