Allon Kabarin Baaba

Akwatia Line, Kumasi
4 ga Yuni, 2023

Ɗana Rafiu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da fatan kana lafiya kamar yadda muke a nan. Mutanen gida duka suna gaishe ka.

A takarda na rubuta, na ɗauki hotonta na turo maka, don in na yi magana a waya duk gidan nan sai ya ji. Ka san bangonmu. Malamarmu ta makarantar manya ta ce hannuna ya gyaru, amma in ka ga kuskure ka wuce shi.

Jiya uwar Shakiru, abokinka na unguwar makanikai ta Suame Magazine, ta zo sayen koko. Ta miƙo min wayarta tana dariya, ta ce, "Barkisu, ga ɗanki ya zama Sarkin Ruwa." Na duba, sai ga ka tsaye kusa da wani ƙaton kwale-kwale, bayanka kogi fari fat kamar kumfar sabulu. Na taya ta dariya don kada ta gane. Bayan ta tafi na ƙona ƙosai kasko guda.

Ka ce min aikin faci ka samu a Italiya, irin wanda ka koya a wurin mastanka, ubangidanka na sana'a. Tayar wace mota ce take cikin kogi? Ka san ba ka iya iyo ba. Ka faɗa min gaskiya.

Allah ya tsare min kai.
Mahaifiyarka, Barkisu

11 ga Yuni

Mma,

Wa alaikumus salam. Ina gaishe ki, yaya kasuwa? Ki gaida uwar Shakiru, ki ce wa rediyon unguwa na gode da aikinta.

Ban yi miki ƙarya ba, faci nake yi. Kwale-kwalen roba ne da ake hura wa iska, kamar ƙaton tub na tirela. In zafi ya shigo, ƙanƙarar kan duwatsu tana narkewa, kogin ya haukace. Sai mutane su zo daga birane su biya kuɗi don a ɗora su a kai, ruwa ya yi ta wurgi da su tsakanin duwatsu, su sauko suna ihu suna dariya. Mma, trotro ɗin Krofrom, motar hayarmu, yana yi mana haka kullum kuma babu mai ɗaukar hoto.

Ni ina rumfa a kan tudu, da gam da famfo. In dutse ya yaga roba a kawo min. Maigidana ya ce bai taɓa ganin facin da ba ya ɗagawa irin nawa ba. Ƙafata ko jiƙewa ba ta yi.

Ƙauyen ƙarami ne, mutanen suna da kirki. Duk Asabar ana kafa tebura a bakin kogi, a gasa kifi, tsofaffi su yi kiɗa, mata su kawo cuku da burodi. Wata tsohuwa ta gane ba na cin naman alade, yanzu faranti daban take ware min.

Ga maganar da ta fi damuna. Sallah ta kusa, kuma shekara uku ke nan ban je kan kabarin Baaba ba. Babu suna a kansa, ni da bishiyar darbejiyar nan kaɗai muka san shi. Na sa Shakiru ya yanka allon ƙarfe ya rubuta sunan Baaba. Shi ma Shakiru ya san wurin, ya sha raka ni shara. Zai zo ki faɗa masa shekarar rasuwa. Da takarduna sun fito, kabarin nan zan fara zuwa kafin in sha kokonki.

Ki huta lafiya.
Naki, Rafiu

Akwatia Line
1 ga Yuli

Ɗana Rafiu,

Assalamu alaikum. Barka da Sallah, Allah ya maimaita mana. Na ware maka soyayyen nama kamar kullum, daga baya na tuna na bai wa maƙwabta.

Shakiru ya zo da allon. Ya yi aiki mai kyau, baƙin fenti da farin rubutu, Issa Mai Shanu. Ya ce, "Mma, shekara kawai nake jira, fentin yana aljihuna."

Na ce na manta shekarar.

Ya ce, "Mma, ke da kike tuna wanda ya sha koko bai dawo da kofi ba tun zamanin tsohon kuɗin sidi?"

Na ce ya bar allon a wurina sai na tambayi liman. Ya tafi yana waiwaye na. Allon yana bayan ƙofata, na rufe shi da zane. Kada ka matsa masa, ni na hana.

Na ji bayanin aikinka. Na karanta sau huɗu. Rafiu, rumfar nan taku nawa ce daga ruwa? In an yi ruwan sama kogin yana hawowa? Abu ɗaya nake roƙonka, kada ka shiga kwale-kwalen nan, ko yana ɗaure a bakin gaɓa, ko da wasa. Ka rubuto min cewa ka yi alkawari, in gan shi da idona.

Allah ya yi maka albarka.
Mahaifiyarka

23 ga Yuli

Mma,

Ina gaishe ki. Ki yi haƙuri da jinkiri, aiki ya yi yawa.

Ba zan iya rubuta alkawarin ba, ga dalili. Aikin faci wata huɗu ne. In sanyi ya shigo rumfa tana rufewa, in koma tsinkar tumatir a kudu ina kwana cikin mutum goma. Maigida ya kira ni ya ce in na yarda na koyi tuƙin kwale-kwale zai ɗauke ni aikin shekara, ya tsaya min a kan takardun zama. Da takardun nan ne zan iya zuwa gida in dawo. Shekara uku nake jiran wani ya faɗa min wannan magana.

Suna da al'ada a ƙauyen. Lahadin ƙarshe ta watan Agusta ana bikin rufe kogi. Duk wanda ya yi aiki a bakin ruwan, har mai dafa abinci da mai sayar da tikiti, sai su shiga kwale-kwale ɗaya su gangara tare, mutanen gari suna tsaye a kan gada suna buga tukwane. Wanda ya ƙi shiga ba a ce masa komai, amma ba a ƙara kiransa baɗi.

Mma, shekarata ashirin da biyar. Har yau ban san me ya sa kika yage takardar tafiyar makarantarmu zuwa tafkin Bosomtwe ba, kika kulle ni a ɗaki ranar, abokaina suka dawo suna kirana ɗan kaza. Kuma ban gane maganar allon nan ba. Wane liman ake tambaya kafin a rubuta sunan mamaci a kan kabarinsa?

Naki, Rafiu

Akwatia Line
30 ga Yuli

Ɗana Rafiu,

Assalamu alaikum. Kwana uku ina rubuta wannan takarda. Ka zauna kafin ka karanta.

Ba zazzaɓi ya kashe mahaifinka ba. Kana da shekara uku ya tafi arewa sayen shanu tare da abokin cinikinsa Abdul-Manan, wanda kake kira Kawu. A hanyar dawowa suka shiga jirgin katako daga Makango za su tsallaka tafki zuwa Yeji, da shanu da buhunan doya da mutane. A tsakiyar ruwa jirgin ya hau kan kututturen bishiya ya tsage. Kawu ya kama wutsiyar saniya, ita ta fito da shi. Ya ce ya ga mahaifinka yana kwance igiyoyin shanun don kada su nutse a ɗaure. Bai ƙara ganinsa ba.

Na je Yeji da kai a bayana. Kwana tara na zauna a bakin ruwa. Masunta suna kawo gawa in tashi in duba, ba shi ba. A rana ta goma 'yan'uwansa suka ce in taso. A masallacin unguwa aka yi masa salla babu gawa a gaba. Ban wanke masa likkafani ba, ban ga makararsa ta fita ba.

Da ka kai shekara shida, ranar Sallah yaran gida suka bi iyayensu maza zuwa maƙabarta a Tafo. Ka zauna a ƙofa kana kuka, kana cewa kowa yana da wurin zuwa ban da kai. Na roƙi Kawu ya kai ka. Na ce ya nuna maka ko ina ne. Ya kai ka kabarin wani baƙo makiyayi da ya faɗi ya mutu a kasuwar shanu, ba a san kowa nasa ba, Kawu na cikin waɗanda suka binne shi. Ka dawo kana murna, ka ce ka cire wa Baaba ciyawa. Na ce a raina baɗi zan faɗa maka. Kawu ya rasu, ban faɗa ba. Manyan gida sun sani, ni na roƙe su su yi shiru.

Addu'ar da ka yi a can ba ta ɓata ba, Allah ya san wanda kake nufi. Amma ba zan bari a kafa sunan Issa a kan wani bawan Allah ba. Shi ma yana da suna, uwarsa ta raɗa masa.

Yanzu ka san dalilin Bosomtwe. Na ɗauka in na raba ka da ruwa shi ke nan. Ban yi tunanin ranar da za ka tsaya a gabansa ba ka iya komai ba.

Na faɗa maka ne don ka ji tsoro. Kada ka shiga. In babu takardu ka dawo haka nan, mastanka zai karɓe ka, muna ci muna sha. Ka yafe min.

Mahaifiyarka, Barkisu

Akwatia Line
20 ga Agusta

Rafiu,

Assalamu alaikum. Wayar ta nuna ka buɗe takardata tun ranar da na turo. Na kira sau da yawa. Shakiru ya ce kana lafiya, kuna magana, amma ba ya haɗa ido da ni. Saura mako guda Lahadin nan. In zagi ne ka rubuto, zan karanta.

Mahaifiyarka

5 ga Satumba

Mma,

Wa alaikumus salam. Ina lafiya.

Na shiga. An sa min rigar da ke hana nutsewa, an ba ni filafilin tuƙi. A gangara ta uku ruwa ya ɗaga gefenmu na faɗa ciki. Sanyinsa kamar an doke ni da ƙarfe a ƙirji. Ban san sama ba ban san ƙasa ba. Mai dafa abincinmu ce ta kamo wuyan rigar ta jawo ni. Da muka iso gada suna buga tukwane, ni ina amai, suka ɗauke ni a kafaɗa. Washegari na sa hannu a takardar aikin.

Kin ce kin faɗa min don in ji tsoro. Na ji. A cikin ruwan nan shi na tuna, na ce ashe haka ya ji. Shi ne karo na farko da na san wani abu na gaskiya game da shi.

Shekara goma sha shida ina durƙusawa a gaban kabarin nan. A can na faɗa masa na gama koyon aiki. A can na yi masa sallama ranar da zan taho, tun kafin in yi miki. Duk gida suna kallona ina ɗaukar fartanya ina fita, babu wanda ya ce komai. Ban san da wace fuska zan shigo gidan nan ba.

Ko takardun sun fito ba zan zo bana ba. Ban san yaushe ba. Ba fushi nake yi ba, Mma, na duba ne ban ga abin da zan zo in yi ba tukuna. Allon kuma ki bai wa Shakiru, zai san yadda zai yi da ƙarfen.

Watan gobe za mu koma wani kogi da ya fi wannan girma, can ake koyar da matuƙa. Waya ba ta kamawa sosai a wurin.

Ki gaida gida.
Rafiu

Akwatia Line
9 ga Satumba

Ɗana Rafiu,

Assalamu alaikum. Na karanta. Ba zan ƙara ce maka ka fito ba, ba zan tambayi ranar zuwanka ba.

Ka nemi wanda zai koya maka iyo, ka biya shi ko nawa ne. Rigar nan da matar ta kama, ka riƙa ɗaure ta tamau. Ka sami tawadar da ruwa ba ya gogewa ka rubuta a cikinta, Rafiu ɗan Issa, Musulmi, Akwatia Line, Kumasi, da lambar wayata. Ka rubuta da manyan baƙaƙe yadda baƙo zai iya karantawa. Duk wanda ya same ka ya san inda zai kawo ka.

Allah ya tsare.
Mahaifiyarka, Barkisu