Na Ce Babu Gajiya, Ta Yarda

Gwaggo, don Allah ki taimake ni, jirgin sama na neman zubar mini da mutunci a cikin gidana.

Ni mai gyaran injinan ɗab'i ne. Duk wata kamfaninmu kan tura ni reshensa da ke wani gari mai nisan gaske. Da a mota nake zuwa, in fita da asuba, in isa bayan isha'i. In na dawo kuwa, sai kin gani! Uwar yarana ta dafa ruwan wanka, ta kashe talabijin, ta kora yara ɗaki, abinci har kan gado. Ta ce ina gajiya, in ce babu gajiya, mu duka mun san ƙarya nake.

To, bana aka ƙara mini girma, wai jirgi zan riƙa hawa. Awa ɗaya da ɗoriya. Ran da na fara dawowa ta ce ina gajiya, na ce babu gajiya kamar kullum. Wallahi sai matar nan ta yarda! Ta miƙo mini jariri, ta nuna mini famfon kicin yana ɗiga. Ko takalmi ban cire ba.

Na buɗe mata taswira a waya, na nuna mata garin nan bai matso ba. Ta ce ita mota biyu take hawa daga makarantar da take koyarwa, cunkoso ya riƙe ta fiye da tafiyar tawa, a tsaye, kuma ba mai miƙo mata lemo a hanya.

Abin da ba ta sani ba, tsoron jirgin nan nake kamar me. Daga tashi har sauka ina damƙe da hannun kujera, ina karanto duk addu'ar da na sani, har ta shiga kasuwa. Lemon ma ban taɓa iya sha ba. Wancan makon na laɓe a shagon abokina tela don in shiga gida a makare, a yamutse, ashe ta wuce ta hango ni ina kurɓar shayi.

Ba ruwan zafin ne ya dame ni ba, Gwaggo. Ji nake kamar an daina kewata.

Matafiyin da ba a yi wa sannu

Ɗana, na yi dariya, amma na ji ka. Kana da gaskiya, garin bai matso ba, kuma tsoro ma gajiya ne. Ita ma tana da gaskiya. Da rawar ƙafarka take gani a ƙofa, yanzu mutum take gani fes da jaka. Ta tambaye ka, ka ba ta amsa, ta ɗauka. Laifin wa?

Ka bar wa tela shagonsa. Ka gaya mata zancen hannun kujerar nan. Za ta yi maka dariya, ka jure, ba za ta daɗe ba. In ta sake tambayarka, ka ce akwai gajiya.

Sai dai na duba wasiƙarka sama da ƙasa, ban ga inda kai ka taɓa tambayarta tata ba. Gobe in ta sauko daga motarta ta biyu, ka riga ta. In ta ce babu gajiya, kada ka yarda, ka ɗora ruwa.

Allah ya sauke ku lafiya, ku biyun.