Ƙararrawar da Ke Ƙugun Ralitsa

Plovdiv, 9 ga Janairu

Aminina Kolyo,

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya. Yaya jikin uwargida Ginka, yaya hawan jinin naka? Ni kam kalau nake, in ka cire gwiwa da haƙora. Ka yi haƙuri da rubutun. Aji huɗu na yi, kai ne shaida, tunda tare aka kore mu.

Takardarka ta iso. Ka ce a matsayinka na shugaban kukeri na ƙauyenmu, wato mu maza masu rawar ƙararrawa cikin fatar akuya, ko in karɓo ƙararrawar kakana daga hannun 'yata Ralitsa, ko bana in tsaya gefen hanya da tsofaffin mata in kalli zagayen korar hunturu. Wai ƙugun mace ba ya ɗaukar ƙararrawa, balle a kan dandamali gaban baƙi, kuma hakan na jawo wa gonaki tsiya.

Allah ya sani da niyyar karɓa na zo. Sai ta zaunar da ni a layin gaba a gidan wasan da take nuna wasanta. Kolyo, yarinyar nan da ka riƙe a coci ranar sunanta, ta rera waƙar girbi ta marigayiya uwarta tana reto a igiya, kai a ƙasa. Ta sauko ta yi cacar baki da 'yar tsana, 'yar tsanar ta ci ta. Sannan ta ɗaura ƙararrawar, kilo talatin, ta dinga tsalle har matar da ke kusa da ni ta fashe da kuka. Ni mura ce ta dame ni.

Da aka tashi na tambaye ta me zan ce wa mutane, mawaƙiya ce ko 'yar rawa. Ta ce jiki ɗaya gare ta, ba za ta yanka shi gunduwa-gunduwa don masu tambaya su huta ba. Ta ce ƙararrawar da ke kwana a akwati wata goma sha ɗaya, tsatsa ce kawai ke gadonta.

Yanzu ga abin da na ɓoye maka. Ka tuna bara, da ka rungume ni cikin fatar akuya da fuskar katako, kana ihu wai Trifon bai taɓa tsalle irin na yau ba? To a lokacin ina gida, gwiwa a kumbure, ina cin banitsa, gashin fulawar nan mai cuku. 'Yar da ka riƙe a coci ka runguma. Kuma da bakinka ka ce rabon da inabi ya yi kyau irin na bara an shekara goma.

Don haka ƙararrawa tana nan inda take. Ka soke sunana, zan tsaya da tsofaffin mata, dama sun fi ku daɗin hira. Sai dai ranar zagaye, in ka ga wanda ya fi kowa tsalle, ka tambayi sunansa kafin ka rungume shi.

Ka gaida Ginka, ka rage gishiri.

Naka har kullum, ko ka so ko ka ƙi,
Trifon