Sunan Na'ara da ke tsakiyar maza

Lahadi, 4 ga Iyyar
An fara sausayar tumaki. Ulu ya yi kyau bana, godiya ga Ubangiji. Zibiya, 'yata tilo, ta kawo min gurasar sha'ir da ɓaure. Na ci har na lashe yatsu.

Talata, 6 ga Iyyar
Yayana Akkub ya zo. Wai bana ne ƙarshen jero sunayen kakanni da zan yi a bukin sausaya, ɗansa zai gaje ni. To, muryata ta tsufa, ban musa ba. Abin da dai bai faɗa ba na san shi: wanda bai haifi namiji ba, a kansa reshensa yake tsayawa. "Malkiyel ya haifi Hodiya." Wato ni. Shi ke nan, sai a koma gidan Akkub.
Ban damu ba. Wallahi kaɗan ne.

Laraba, 7 ga Iyyar
Zibiya ta sake kawo zancen dashen zaitun. Na ce wa zan dasa wa? Ta ce, "Baba, kai da taurin kai kamar jakinka!" Jakin ma ya fi ni sauƙi, in ji ta.

Juma'a, 9 ga Iyyar
Ina bitar sunayen a bakin rijiya, sai na tsaya a kan Na'ara. Mace ɗaya tal a tsakiyar maza. "Yeshebi ya haifi Na'ara, ita ta haƙa rijiya." Tun ina saurayi nake faɗinsa da sauri in wuce. Ashe Yeshebi ma ba shi da namiji! Kuma dukanmu daga cikinta muka fito, har Akkub da ƙaton gemunsa.

Litinin, 12 ga Iyyar
Buki. Nama, ruwan inabi, kowa ya hallara ƙarƙashin itacen rimi na dangi. Na jero tun daga tushe. Da na iso kaina sai na ji bakina ya ce, "Hodiya ya haifi Zibiya."
Kowa ya juyo ya dube ni.
Akkub ya ce, "Haba ƙanena, tsufa ne ko inabi? Mace a jeri?"
Na ce, "Yaya, ruwan rijiyar wa ka sha da safen nan?"
Hogla, tsohuwar danginmu, ta fashe da dariya har ta ƙware. Akkub ya shafa gemu, ya daɗe yana shafawa. Can ya juya ga ɗansa ya ce, "Ka dai ji. Haka za ka riƙa faɗa."
Zibiya ta rufe fuska da mayafi. Ni ma wani abu ya faɗa min a ido, ƙaiƙayi ne ina ji.

Laraba, 14 ga Iyyar
Ba wani labari. Ƙasar da ke bayan gidanmu tana da danshi, kada ta tafi a banza, shi ya sa kawai.
Na dasa zaitun ɗin.