Ɗakin da Ba a Shiga da Littafi

Litinin, 5 ga Mayu

An kwantar da Auta. Shekara tara tana fama da sikila, yanzu za a yi mata dashen ɓargo daga jikin yayarta. Wata uku muna tsarawa: uwarsu ta shiga ɗakin keɓewa ta zauna da ita, ni kuma in tsaya a waje ina ba da shawara, sana'ar da na fi ƙwarewa a kai. Sai ga uwarsu ta yi atishawa a gaban babbar nas. Har sau biyu. Matar da rabonta da mura tun ina da gashi. Nas ta dube ta, ta dube ni, ta ce, "Malam, kai za ka shiga."

Na waiga ko akwai wani malamin a bayana.

Talata, 6 ga Mayu

Littafi bakwai na ɗauko, duk an mayar da su mota. Wai tsohuwar takarda tana riƙe ƙwayoyin cuta. Na ce shekara ashirin da biyu ina aiki a laburare ban mutu ba. Nas ta ce, "Kai kana da garkuwar jiki. Ita nan da mako ba ta da ko ɗaya." Wannan kundin ma don sabo ne a cikin ledarsa aka bar min.

Gado ɗaya, kujera mai miƙewa da ta tsani ƙashin bayana, tagar da ba ta buɗuwa, sai gilashin da ake leƙo mu ta ciki da waya a jikinsa. Na wanke hannu sau sha tara. Na ƙirga, don babu abin karantawa sai bayan kwalbar sabulu.

Juma'a, 9 ga Mayu

Ana ba ta maganin da zai kashe tsohon ɓargon. Likita ta ce kamar sharar gona ce kafin shuka. Na soma yi mata bayanin wani bincike da na karanta, ta saurare ni da haƙuri irin na masu jiran mota, sannan ta ce, "Madalla. Ka auna fitsarinta na safe?"

Ban auna ba. Aikina ke nan ashe: auna abin da ya shiga, auna abin da ya fita, kurkure baki sau huɗu. Uwarsu tana bayan gilashi da takunkumi tana nuna min da hannu yadda ake riƙe kofi.

Talata, 13 ga Mayu

Ranar dashe. A nan sifili suke kiranta, daga gobe a fara ƙirga.

Yayarta, wadda muke ce wa Lauya don ba a taɓa kayar da ita a musu ba, ta shiga tiyata da safe. Shekara sha shida. Kafin allura ta ɗauke ta sai da ta kafa sharaɗi: kada Auta ta sake saka mata takalma har abada.

Da azahar aka shigo da abin. Jaka ɗaya, ja, ba ta fi tafin hannuna biyu ba. Na yi zaton za a zo da injuna da likitoci goma. Nas ta rataye ta kamar ƙarin jini, ta duba agogo. Auta ta ce, "Shi ke nan?" ta koma kallon katun. Ni kuwa awa huɗu idona na kan ɗigon nan. Ban taɓa karanta wani abu a hankali haka ba.

Laraba, 14 ga Mayu

Lauya ta zo bakin gilashi tana tafiya kamar kakarta, hannu a ƙugu. Ta ɗauki waya: "Ke, daga yau duk rashin kunyar da za ki yi min, da jinina za ki yi." Auta ta yi mata gwalo. Lafiya ke nan.

Lahadi, 18 ga Mayu

Kowace safiya nas tana rubuta adadin sojojin jini, wato ƙwayoyin garkuwar jiki, a allo. Sai sun haura ɗari biyar kwana uku a jere za a ce dashe ya kama. In bai kama ba... ban tambaya ba. Na riga na karanta.

Yau sifili.

Gashin Auta ya soma bin matashin kai. Ita ta ce a aske. Da aka gama ta dubi sanƙona ta dubi madubi, ta ce, "Baba, mun zama ɗaya. Amma ni nawa zai dawo."

Laraba, 21 ga Mayu

Bakinta duk ƙuraje, ko ruwa da ƙyar. Ta rubuta a allo cewa in ba ta labari. Na ɗauko mata ɗaya daga manyan littattafan da na karanta, tiryan-tiryan. Ta rubuta: "Bayani ya yi yawa." Sai na ƙirƙiro wata akuya da ta samu aikin nas ta hanyar kawunta, tana cinye takardun marasa lafiya. Auta ta yi dariya, ya yi mata zafi, ta dake ni, ta ce in ci gaba.

Juma'a, 23 ga Mayu

Zazzaɓi. Sifili. Yau ba ni da abin zolaya.

Asabar, 24 ga Mayu

Ya sauka da hantsi. Ta tambayi akuya.

Laraba, 28 ga Mayu

Ɗari. Na ɗauki hoton allon kamar sakamakon jarrabawa. Uwarsu ta yi ta kuka a bayan gilashi har takunkumi ya jiƙe, Lauya tana cewa, "Ai na faɗa muku, kayana mai kyau ne."

Na iya goge bututun maganin da ke ƙirjinta ba tare da kuskure ba. Babbar nas ta duba ta ce, "Ba laifi." Na taɓa samun takardar yabo a wurin aiki, ban ji daɗinta haka ba.

Juma'a, 30 ga Mayu

Jiya ɗari uku, yau ɗari biyu. Likita ta ce haka yake yi, kamar yaro mai koyon tafiya. Na gyaɗa kai. Ban kawo mata wani bincike ba.

Asabar, 31 ga Mayu

Ɗari biyar da ashirin.

Lahadi, 1 ga Yuni

Ɗari bakwai. Ta ci rabin ƙwai, ta ce babu gishiri.

Litinin, 2 ga Yuni

Dubu ɗaya da ɗari. Ya kama. Likita ce ta shigo da kanta ta faɗa. Na buɗe baki in yi jawabin godiya, har na tanadi karin magana biyu, abin da ya fito ba magana ba ce. Auta ta ce, "Baba, takunkuminka ya jiƙe, canza." Da sauran tafiya, an ce watanni, magunguna cike da leda. Amma alhamdulillahi.

Talata, 3 ga Yuni

Asirina ya tonu. Tun Laraba nas ta ce min gwajin uwarsu ya fito babu komai, tana iya karɓata in je gida in huta. Na manta ban faɗa mata ba. Mutum yana mantuwa.

Yau ta ji daga bakin likita. Ta ɗauki wayar gilashi, ta kafe ni da ido. Na yi mata bayani cewa ba a canza mai jinya a tsakiyar aiki, ga jadawalin magani, ga bututu, ga kuma akuya tana gaban kwamitin ladabtarwa ba a yanke hukunci ba. Ta ce, "Malam, fito ka je ka yi barci."

Na ce to, bari in rubuta mata yadda ake komai. Ina shafi na biyar. Ta ce minti goma ta ba ni.

Na tambayi nas ko ana barin mutum biyu.